Gautan Larai Ya Tsiro a Firamare

A baro na tura ta, ni da hannuna, daga ƙofar gidanta har firamaren unguwarmu a Yelwa. Shekara saba'in da takwas gare ni, sau biyu jirgi na kifewa da ni a tafkin nan ina fitowa, baro ne zai gagare ni? Maƙwabciyata Larai na zaune ciki kan bargo, ta rungume ƙwarya.

"Jibrin, a hankali. Ba albasa ka ɗauko ba."

"Albasa ta hi ki nauyi," na ce.

Wata biyu tana kwance. Abin da ya tashe ta, makaranta ce ta buɗe lambu don yara su noma ganyen miya su ci. Malam Andrew mai koyar da noma ya roƙi irin gautanta, ɗan ƙarami mai ɗaci, wanda uwarta ta ɗauko daga tsohon ƙauyenmu shekarar da ruwan dam ya cinye shi. Ba mai shi sai ita. Ta ba shi rabi. Mutumin kirki, ya ga irin cikin toka, ya wanke shi tas, ya ƙulle a leda. Ya ruɓe. Saura na ƙwaryar nan kaɗai.

Yara suka kewaye baron kamar an kawo amarya.

"Kai Malam, boko na nan da yawa, amma tokar ita ka tsare iri," in ji Larai. "Durƙusa."

Ya durƙusa, da wandonsa mai guga. Ni da ban taɓa zama aji ba, ranar ni na nuna wa malami zurfin rami da ɗan yatsa. Larai na ba da umarni daga baro: a barbaɗa da tokarsa, a rufa da ciyawa, ruwa da tafin hannu. Wata yarinya, Umma, ta ce gauta ɗaci gare shi.

"Uwarki ba ta iya miya ba. Turo min ita," in ji Larai.

Ajin ya kwashe da dariya.

Kullum da safe sai na je na duba, na dawo ta tambaye ni da ido. Kwana tara ba komai. Ta daina shan kunu. Rana ta goma na ɗaga ciyawa, sai ga kore tsil-tsil, layi guda cur. Wallahi gudu na yi har gidan Larai, ku tambayi masu shayin bakin hanya. Malam Andrew ya biyo ni da tsiro uku a gwangwanin madara.

Ta shafa ganyen da yatsa, ta daɗe.

"Shi ne," ta ce. "Kada ku cika mai ruwa."

Bayan kwana biyu, da hantsi, ta rasu. Da muka dawo daga maƙabarta, gwangwanin na nan bakin ƙofarta kusa da takalmanta. Rana ta iso wurin, sai na matsar da shi inuwa.