Sifikar Hagu

Tun daga bakin ƙofa mai shagon kayan sauti ya jiyo faɗan Injiniya. Ya tarar da falon fayau: an kwashe kujeru, an fitar da kabad ɗin kwanukan uwargida, saura kujera ɗaya tilo a tsakiya, tana fuskantar sifikoki biyu masu tsayin mutum.

"Ka cuce ni," in ji Injiniya, ko gaisuwa bai amsa ba. "Ta hagu a shaƙe take. Muryar mawaƙiyar kamar daga cikin rijiya take fitowa."

"Yallaɓai, ai na faɗa maka ranar da ka zo. Waɗannan akwai tsirfa: sai amfilifaya mai ƙarfi da za ta ƙara musu sauti, sai ɗaki ya yi musu daidai. Waɗancan da ka ƙi kuwa, ko a lungu ka ajiye su za su yi maka waƙa."

"Na ce maka irin na kowa da kowa nake nema? Na sake amfilifaya. Na sake wayoyi. Ka ce labule mai kauri, na rataya. Me ya rage, in rushe gidan?"

"Saura ni ka fitar," uwargida ta ce daga ƙofar kicin. "Baƙina a baranda suke zama saboda gumakan nan."

Mai shago ya zauna ya saurara, ya ce shi dai bai ji wani aibi ba. Nan fa idon Injiniya ya kaɗa ya yi ja.

"Wato ƙarya nake yi ke nan? Tashi."

Da kansa Injiniya ya cire wayoyin. Ya rungumi ta hagu yana nishi ya ja ta zuwa dama, ya turo ta dama gurbinta. "Yanzu za ka ji cutar ta koma can."

Ya mayar da wayoyin, ya kunna, ya zauna, ya rufe ido. Waƙa ta cika falon. Ya ɗaga hannu zai nuna dama, sai hannun ya tsaya, ya karkata hagu a hankali. Ya kai yatsa ya taɓa kunnensa na wannan gefen, sannan ya sauke hannun a gwiwa.

Mai shago ya sunkuya yana naɗe wayar da ba ta buƙatar naɗi.

Uwargida ta zo ta tsaya a hagunsa. "Baban yara, in kashe?"

Bai juyo ba. Ta zagaya ta dama ta maimaita.

"Ai na ji ki tun farko," ya ce.