Ƙafar Baba a Kan Birki

Hannun Baba na hagu ya fara komawa kalar na dama. Auta ta lura da haka ne lokacin da ya miƙo shi zai karɓi jakarta a bakin ƙofa. Tun tana ƙarama ta san hannun nan baƙi wuluk daga gwiwa zuwa yatsu, domin shi yake ɗorawa a tagar babbar mota rana tana ta dukansa, har ta taɓa tambayar Mama ko aronsa Baba ya yi a wurin wani. Tunda ya ajiye tuƙi, rana ta fara sakin abinta.

“Shiga ki ajiye kaya ki fito,” in ji shi. “La’asar ta kusa, kada su wuce ba kya nan.”

Farar rigarsa ce a jikinsa, wadda ya saba sakawa in zai je ofishin kamfani, ta sha guga har tana tsayawa da kanta. A ƙofar gida kujeru biyu ne na roba suna fuskantar babban titi. Dogo, tsohon abokin tuƙinsa, ya riga ya mamaye ɗaya, ya miƙe ƙafafu kamar wanda ya biya kuɗin wurin.

“A’a, Injiniya ce da kanta!” Dogo ya ɗaga kofin shayinsa. “Mai korar direbobi, sannu da zuwa. Yau wa aka sallama?”

“Baffa, ina wuni?”

“Lafiya lau, ’yata. Zama dai muke ta yi, har gindinmu ya fito da taswirar kujera.”

Baba ya harare shi. “Ka bar min yarinya ta huta. Auta, ɗauko kujerar Mamanki ki zo.”

Ta shiga. Kujerar tana nan a ɗakin da tagarsa ke kallon titi, kusa da gadon da ba a ƙara kwana a kansa ba tun rasuwar Mama. Labulen tagar a ɗaure yake gefe guda da wani ƙyallen ɗankwali. Auta ta tsaya tana kallon ƙullin, hannunta a kan kujera, har sai da ta ji Baba ya sake kiranta.

Baba ya ƙare ƙuruciyarsa a cikin tirela. Direbobi suna ce masa Mai Sannu, saboda abin da ya rubuta a bayan motarsa ta farko: sannu ba ta hana zuwa. Da sitiyarin nan ya biya mata karatu har jami’a. A shekarunsa na ƙarshe a bakin aiki kamfani ya liƙa wa motarsa kyamarori ciki da waje, da na’urorin da ke lura da duk motsin ƙafarsa da hannunsa. An ce masa don kiyaye haɗari ne. Sai da motoci marasa direba suka hau hanya, aka haɗa shi da su Dogo aka sallama, sannan ya gane darasi yake ta bayarwa bai sani ba. Dogo yakan ce sun yi aikin kaza, sun tono wuƙar yanka kansu.

A wannan kamfanin Auta ta sami aiki, a sashen da ke kula da ƙwaƙwalwar motocin. Ranar da ta gaya masa, “Allah ya sa alheri” kawai ya ce, ya ƙara muryar rediyo. Daga nan magana tsakaninsu ta koma ina kwana da lafiya lau. Sai a ’yan watannin nan ya soma kiranta a waya da kansa, yana tambayarta ko ta ci abinci, yana dariya, yana sa mata albarka ba tare da ya faɗi dalili ba. Ta ji daɗin abin, ba ta tambaya ba, don kada ta tone abin da ya kwanta.

Ranar Litinin ɗin da ta wuce ta ga dalilin. Shugaban sashensu ya kira ta, ya juyo mata da fuskar kwamfutarsa. A bidiyon da ke kai, wata jar ƙaramar mota ce ke bin tirelarsu a baya. Haka kawai tirelar ta rage gudu. Ƙaramar motar ta ci birki, ta kauce, ta gangara gefen titi. Wani mutum ya fito a gigice, ya buɗe ƙofar baya, ya ciro yara biyu yana shafa kawunansu yana duba su.

“Ba wanda ya ji ciwo, wannan karon,” in ji shugaban. “Duk motocinmu na wannan hanya haka suke yi in sun zo daidai nan. Ba makaranta, ba kasuwa, ba kwana, ba rami. Ruwa kuwa ba ya tsami banza. Ki nemo dalilin ki cire shi, kafin mu kashe wani.”

Ta ce to. Ba ta gaya masa ta gane wurin ba. A bayan jar motar ga katangar gidansu, ga kujeru biyu na roba.

Ta koma kan teburinta ta buɗe tsofaffin hotunan bidiyon da motocin suka yi koyi da su. Yawanci na Baba ne, domin shi kamfani ya fi amince wa a wannan hanya. Ga shi nan zaune, hannu a taga. Ya dubi madubi, ya ɗage ƙafa daga totur, ya taɓa birki a hankali kamar mai tashin jariri daga barci, ya juya kai, ya ɗaga yatsu biyu daga sitiyari. Kyamarar waje kuma ta kamo abin da yake kallo: taga, labule a gefe, da siririn hannun Mama yana ɗagowa tsakanin ƙarafa.

Lokacin da ciwo ya kwantar da Mama ne suka yi wannan shiri. In ta tashi da sauƙi, sai ta ja labulen gefe ta ɗaga masa hannu, ya wuce da kayan mutane hankalinsa a kwance. In ya ga labule a sake, sai ya ajiye mota can gaba ya dawo da ƙafa. Bayan ta rasu ya ɗaure labulen da kansa. A hotunan da suka biyo baya babu hannu a tagar, amma ƙafarsa ba ta daina neman birki ba. Na’ura ba ta san Mama ba. Ta dai ga direban da aka ce ta yi koyi da shi yana sassautawa a nan kullum, ita ma ta ɗauka.

Auta ta yi kwanaki tana mayar da hannun nan baya tana sake kallo. Sai kuma yaran jar motar su faɗo mata a rai. Ranar Juma’a ta cire abin. Shayin da ta haɗa bai ma huce ba ta gama. Gyaran zai isa ga motocin ne washegari da rana, shi ya sa da gari ya waye ta kama hanyar gida, don Baba ya ji daga bakinta kafin ya gani da idonsa.

Ta ajiye kujerar Mama kusa da tasa ta zauna. Inuwar katanga ta miƙe har bakin kwalta.

“Kin ga mutumin nan?” Dogo ya nuna Baba da haɓa. “Tun azahar yake wanka da guga. Wai manyan baƙi za su zo gaishe shi. Na ce masa, Mai Sannu, ƙarfe ne fa, ba surukanka ba ne.”

“Ƙarfen ya fi ka tarbiyya,” in ji Baba. “Kai da ka kwashe shekaru kana wuce ƙofar nan kamar an biyo ka, ko hon ba ka taɓa yi min ba.”

“Hon ɗina ya lalace.”

“Duk tsawon shekarun?”

“Kamfani bai gyara ba!”

Suka yi dariya har Dogo ya ƙware da shayi. Baba ya juyo wajenta, fuskarsa a sake yadda ta daɗe ba ta gani ba.

“Ai na san aikinki ne,” ya ce da ƙaramar murya. “Ranar da na fara lura, na ɗauka mota ɗaya ce ta sami matsala. Sai ta biyu, sai ta uku. Kowacce ta zo nan sai ta sunkuyar da kai. Na ce wa Dogo, wannan Auta ce. Ba ta iya magana ba, halin uwarta ta ɗauko, sai ta aiko min da gaisuwa ta hanyar da ta iya.”

“Duk unguwa ta ji,” in ji Dogo. “Mai kanti ya ji, mai faci ya ji. Ko ɗan tallan da ya tsaya neman ruwa sai ya ji labarin Injiniya kafin a ba shi.”

“Da na riƙe ki a zuciya, gaskiya,” Baba ya ci gaba, yana murza zoben mabuɗin da har yanzu bai rabu da shi ba, ko da yake babu mabuɗin mota a jiki. “Na ce na yi ta tuƙi don ta yi karatu, ta yi karatun ta zo ta karɓe min sitiyari. Amma da na ga haka, sai na ce ashe ba ta manta ba. Komai ya wuce, Auta.”

Ta dubi ƙasa, inda ƙafarsa ta dama take a kan takalmi, yatsun a ɗan ɗage, dunduniya a kafe. Ko a zaune haka yake ajiye ta.

“Baba, ba ni ba ce.”

“Ji ta,” in ji Baba. “Kunya.”

“Wallahi ba ni ba ce. Kai ne.” Ta nuna ƙafarsa. “Ƙafarka suka koya. Lokacin da kake rage gudu kana duba tagar Mama, na’urorin suna ɗauka. Shi ne duk motocin suka gada. Na ga hoton da idona. Har hannunta ya fito.”

Zoben mabuɗin ya tsaya cak a tsakanin yatsunsa. Dogo ya ajiye kofinsa a ƙasa a hankali.

“Hannunta?”

“E. Tana ɗago maka.”

Baba ya waiwaya ya dubi tagar, sannan ya dubi ƙafarsa kamar ta wani ce aka ajiye masa. Leɓensa ya motsa kafin magana ta fito.

“Ashe ba ni suke gaisarwa ba,” ya ce. “Ita suke dubawa.” Ya yi wata ’yar dariya da ta karye a tsakiya, ya share ido da bayan hannu. “Ka ji, Dogo? Sun kore ni, amma kullum sai na zo na duba ta. Sau nawa a rana! Ko lokacin da nake aiki ban samu haka ba.”

“Allah ya jiƙanta,” in ji Dogo.

“Baba, akwai sauran magana. Ranar nan wata ƙaramar mota...”

“Tsaya.” Baba ya ɗaga hannu, ya karkata kunne wajen gabas. “Ga ta nan.”

Ita ba ta ji komai ba tukuna, amma kunnen direba ba ya tsufa. Can sai ga farin kan tirelar ya ɓullo daga gangare, gilashin gabanta yana ƙyalli, babu kowa a bayansa. Baba ya gyara wuyan riga, ya miƙe zaune. Yatsunsa biyu suka ɗago daga gwiwa, dunduniyarsa ta danne takalmi.

Motar ta zo ta wuce kamar yadda take wuce kowace katanga. Iskarta ta kifar da kofin Dogo, ta kaɗa bakin labulen ɗakin Mama, ta watsa musu ƙasa a ƙafa.

Yatsun Baba suka tsaya a sama.

“Baƙuwa ce wannan,” Dogo ya yi saurin cewa. “Sabuwar ɗauka. Ba a nuna mata gidan manya ba. Bari ta bayanta ta zo ka gani.”

Suka zauna suna kallon gangaren. Wani mai keke ya wuce ya gaishe su, Dogo kaɗai ya ɗaga masa hannu. Da ta biyun ta ɓullo, Auta ta rufe ido. Ta ji ƙarar tayoyin ta taso, ta cika kunne, ta yi nisa, ba tare da hucin birkin nan ba ko sau ɗaya.

“Wannan kam ni ce, Baba,” ta ce. “Jiya na cire. Wata mota ta kusa shigewa ƙarƙashin tirelarmu a nan, da yara a ciki.”

“Jar nan,” Dogo ya faɗa a hankali. “Muna zaune aka yi. Mu muka ba yaran ruwa. Cewa muka yi mai motar ne bai iya tuƙi ba.”

Baba bai dube su ba. Ya daɗe yana kallon kwalta, daidai inda baƙin zanen tayoyin jar motar ya karkata ya sauka gefe. Mutum ne da yake alfaharin ko akuya bai taɓa takewa ba. Ya gyaɗa kai sau ɗaya, ta kasa gane ko da ita yake, ko da zanen tayar.

Ya sa zoben mabuɗin a aljihu, ya dafa gwiwa ya tashi. Ya je bakin tagar, ya zura hannun hagu tsakanin ƙarafa, ya yi ta fama da ƙullin ɗankwalin, domin ya daɗe a ɗaure har ya ƙanƙame. Auta ta yunƙura za ta taimaka masa, Dogo ya riƙe mata hannu. Da ƙullin ya kwance, labulen ya sauko ya rufe tagar ruf. Baba ya naɗe ƙyallen a tafinsa, ya bar kujerarsa a inda take tana kallon titi, ya shige gida ya ja ƙofa a hankali.