Gonar Mabruka ta Cikin Teku

Mabruka ta juye bokitin a kan teburin jami'in masu gadin teku. Ciyawar ruwa ce, da saiwarta da lakarta, sai ƙarni take yi.

"Haba Gwaggo!" Lutfi, jami'in da ke bakin teburin, ya miƙe yana kakkaɓe wando. "Nan ofis ne fa."

"Can ma gonata ce, ai ba a ji kunyar shigarta ba."

A tsibirin Karkana na ƙasar Tunisiya ana gādon teku kamar yadda ake gādon fili. Yankin Mabruka na ubanta ne. Duk kaka sai ta sa a kafa mata shingen rassan dabino a ruwa marar zurfi, kifi ya bi shingen ya faɗa cikin kwando, ta ɗebi manya ta saki ƙanana. Yanzu kwalekwale masu inji na jan taru mai sarƙa a ƙasan ruwan, suna tuge ciyawar da kifi ke ƙwai a ciki. Jiya sun haɗa har da rabin shingenta.

"Shinge a sake kafawa," in ji ta. "Wannan fa? Ni da na ga tsirowarta sai dai a lahira."

Lutfi ya ture ciyawar da bakin takarda. "Kullum haka kuke. Ku zo ku yi ta ihu, a ce wane jirgi ne, kowa ya ce bai gani ba. In babu suna, babu abin da zan iya."

"In da suna fa?"

"A kama jirgin, mai shi ya tafi kotu a birnin Safakis."

Ta goge hannu da gefen mayafi. "Shuɗi ne, da jan baki. Baraka ake ce masa."

Lutfi ya ɗauki biro, sai kuma ya ajiye. Shi ma ɗan tsibirin ne.

"Gwaggo, ai Baraka na Munji ne."

"To?"

"Ɗanki. 'Ya'yansa huɗu. Ki je gida ku yi magana mana."

"Na yi. Ya ce shinge aikin tsofaffi ne, in bai kwashe ba wani zai kwashe." Ta jawo kujera ta zauna, ta kife bokitin kusa da ƙafarta. "Kai ba ka san riƙon biro ba ne, ko in kira maka uwarka ta nuna maka?"

"Zai san ke ce."

"Na gaya masa tun da safe. Shi ya rage mini hanya zuwa nan. Rubuta."