Manu a Majigi

Bawa Maƙeri bai taɓa zuwa kallon majigi ba sai a shekarar da ciwo ya kwantar da matarsa Nagoggo. Maƙerarsa tana bakin hanyar Maraɗi, daf da shingen kwastan na Jibiya. Duk lokacin da motar En'e ta shigo gari tana shelar majigi da lasifika, sai ya tofar da yawu ya ce wasan marasa aikin yi ne.

Yana da dalilinsa. Ɗansa ɗaya ne a duniya, Manu, kuma tun yana ƙarami Allah ya zuba masa iya kwaikwayo. Wata ranar kasuwa, shekara bakwai kafin wannan, Manu ya kwaikwayi wani dogarin ƙasar Faransa da ke tsaron iyaka, da tafiyarsa da yadda yake murza gashin baki, har 'yan kasuwa suka riƙa faɗuwa don dariya. Magana ta kai gaban hakimi. Aka kira Bawa aka yi masa faɗa a bainar jama'a. Ya dawo gida ya ɗauki ƙotar fartanya ya zane yaron, ya ce kada ya sake taka masa zaure. Manu ya fita da rigar jikinsa. Tun ranar ba wanda ya sake jin ɗuriyarsa.

Yanzu Nagoggo na kwance tun farkon damina, ƙafafu sun kumbura, numfashi sai da ƙyar. An yi jiƙe-jiƙe, an yi rubutu, ba sauƙi. Ta daina neman magani, magana ɗaya take maimaitawa: “Malam, a nemo mini Manu.” Bawa ya ba direbobi sallahu, ya ba fatake, Katsina da Gusau da Damagaram. Kowa ya dawo sai ya girgiza kai.

Amininsa Ummaru, wani ɗan kasuwar fata daga Maraɗi, shi ya kawo shawara. “Yau za a yi majigi,” in ji shi. “Mutanen Farfaru da Gangara duk za su zo, har namu na ƙetare. Ka roƙi mai lasifika shi yi cigiya. Kunne dubu ya fi na direba guda.”

Haka Bawa ya je, bayan magariba, ya rakuɓe a gefe yana jiran a gama ya yi roƙonsa.

An ɗaura farin ƙyalle a jikin sanduna biyu. Hotunan ba su da murya, Malam Ya'u mai fassara ne yake bayani ta lasifika. Aka fara da wani tsohon fim da ya sha yawo har ya yi zane-zane, na wani manomi da ya ƙi shuka a layi. Ummaru, wanda ya taɓa shiga sinima a Kano, ya raɗa masa: “Waɗannan na da, sai ka ce an kafa itace an sa masa riga. Kallon na'urar kawai suke yi. Jira sabon, an ce akwai wani gwani a ciki.”

Sabon labarin wani tsoho ne da ya hana a kai 'yarsa asibiti. Da tsohon ya fito daga ɗaki, sai ya tsaya, ya karkata kafaɗar hagu, ya sosa ƙeya da ɗan yatsa guda, sannan ya tofar da yawu gefe. Can wata mata ta ƙyalƙyale da dariya ta ce, “La ilaha! Wannan ai Bawa Maƙeri ne!” Sai dariya ta kece ko'ina. Mutane suka riƙa waiwayowa suna nuna shi.

Bawa bai ji su ba. Gemun tsohon na auduga ne, fuskar an shafa mata toka, amma da ya ɗaga hannu zai kori malamin asibiti, sai ga tabon wuta a damtsensa, dogo kamar ganyen doka. Bawa ya san ranar da ƙarfe ya yi wannan tabo.

Labari ya ci gaba, yarinyar ta mutu. Tsohon bai yi ihu ba, bai yi birgima ba. Zama ya yi a bakin ƙofa, ya ɗauki takalminta guda yana share masa ƙasa da bakin rigarsa. Har Malam Ya'u ya yi shiru da lasifikarsa. Masu dariyar ɗazu suka koma jan hanci. Ummaru ya ce a hankali, “Wallahi ko a Kano ban ga mai yi haka ba.”

Bawa ya ture mutane, ya tattaka tabarmi, ya isa jikin mota ya cafke hannun rigar Malam Ya'u.

“Ɗana ne! Wancan tsohon ɗana ne! Ina shike?”

“Baba, sake ni mu yi magana. Ni fassara ce aikina. A gwangwani ake aiko mana da fim daga Kaduna.”

“To, ku maido shi in gani.”

“Man injin da ya rage na gobe ne. Magama za mu, daga nan Katsina.”

Bawa, wanda bai taɓa durƙusa wa kowa ba in ban da hakimi, ya zube a ƙasa. “Malam, uwarsa na bisa gadon mutuwa. Ku zo ƙofar gidana ku haska mata, ko da ƙiftawar ido ne. Ku ɗauki uwar maƙerata, ku ɗauki awaki, mi kuke so?”

Malam Ya'u ya ɗago shi. Ya ce ba shi da ikon karkatar da mota, amma abin da ya sani zai faɗa: ya ji an ce a wani ƙauye kusa da Funtuwa aka ɗauki fim ɗin, bara waccan, kuma 'yan wasan leburorin auduga ne da aka tsinto. “In za ta iya, ku kawo ta Magama gobe. Zan sa a fara da shi.”

Da gari ya waye Bawa ya gaya wa Nagoggo. Ƙanwarta Hassana ta ce ba inda za a kai ta, hanya za ta ƙarasa ta. Nagoggo ta buɗe ido ta ce, “Ko gawata ce ku kai.”

Da la'asar sakaliya maza huɗu suka ɗauki gadon kara da ita a kai, Bawa na gaba, Hassana na binsu da butar ruwa tana kuka. Sau uku suna saukewa saboda tari ya sarƙe ta. A na ukun idanunta suka kafe, Bawa ya riƙa kiran sunanta, abin da bai taɓa yi a gaban mutane ba, har ta ja numfashi. Wani direban gyaɗa ya tausaya, ya ɗora su a kan buhuna ya ƙarasa da su.

A Magama aka ajiye gadon a gaba, Hassana ta tallafe ta. Malam Ya'u ya cika alkawari. Mutanen nan ba su san Bawa sosai ba, don haka ba wanda ya yi dariya. Nagoggo ta zuba ido har tsohon ya juyo da fuskarsa.

“Ya rame,” ta ce. Can kuma ta ce, “Malam, dubi, bai manta da kai ba ko kaɗan.”

Da aka zo wurin takalmin, ta miƙa hannu wajen ƙyallen, hannun ya kasa tsayuwa ya faɗo. Ba ta yi kuka ba. Ta ce a bar ta ta gani har ƙarshe, aka bar ta.

Kwana shida ta ƙara. Ranar Alhamis da hantsi ta cika.

Bayan sadakar bakwai Bawa ya rufe maƙera ya damƙa wa Ummaru mabuɗi, ya hau mota zuwa Funtuwa. Wata biyu ya yi yana bin rumfunan auduga da tashoshin mota, yana kwana a masallatai, yana tambayar wani mai tabo a damtse wanda ya iya kwaikwayo. Wasu suka ce ya yi Zariya, wasu suka ce Gusau. Takalminsa ya tsinke, ya ci gaba da tafiya haka. A Bakori wani mai shayi ya nuna masa wata rumfa inda leburori ke hutun azahar, sun kewaye wani suna dariya.

Manu ne, yana kwaikwayon mai awon auduga. Da ya hango tsohon da ke tsaye cikin rana, sai ya daskare da hannu a sama. Ya tako a hankali, ya tsuguna.

“Baba.”

Bawa ya sunkuya. Ya dafa kan ɗansa da hannu biyu.

“Mun gan ka,” ya ce. “Ni da ita, mun gan ka. Ka iya.”

Manu ya ɗago, ya leƙa bayan uban, ya duba hanya.

“Ina Inna?”

Bawa ya zauna a ƙasa kusa da shi. Leburorin suka tashi ɗaya bayan ɗaya suka ba su wuri.