Bidiyon da Aka Ɗauka ta Baya

Duk layin an san Yaya da ɗinki. Awon mutum a ka take riƙe shi, daga kafaɗa har idon sawu, ba ta taɓa rubutawa ba, jama'a na ta cewa baiwa ce. Baiwa ce kam, amma gaskiyar magana Yaya ba ta iya karatu ba. Ta rufe zancen nan ruf, musamman ga 'yarta da ke sakandare, wadda ke cika baki cikin ƙawaye cewa uwarta ta fi kowa kai.

Mutum ɗaya ce ta sani, ƙanwarta Auta, mai kula da ɗakin karatu a makarantar yarinyar. Ita ta buɗe ajin iyaye na ranar Asabar, ta yi ta naci har Yaya ta yarda.

"Amma fa Auta, daga ni sai ke. Kada 'yar nan ta ji."

"Haba Yaya! A bakina? Allah ya kiyaye."

Ajin iyayen ma suna ne kawai, don babu mai zuwa sai ita. Takan zauna can ƙurya bayan kantar littattafan yara, a kan wata 'yar kujera da ba ta ɗauke rabinta, tef ɗin awo a wuya don ko an gan ta a ce aiki ya kawo ta. Tana bin layi da yatsa tana haɗa baƙi, gumi na keto mata. Ranar da ta karanta kalma uku a jere, sai da ta yi dariya har da ƙwalla.

To, ashe shugaban makaranta ya ce ajin da ba kowa rufe shi za a yi. Auta kuwa ita ke riƙe da shafin ɗakin karatun a soshiyal midiya, kullum hoton littafi, kullum ba mai kulawa.

Wata safiya maƙwabciya ta kawo gyaran siket, tana wani murmushi.

"Su Yaya manyan ɗalibai! Ashe boko aka koma?"

Ta miƙo waya. Ga mace an ɗauko ta baya, ba fuska. Amma ga tef ruwan ɗorawa a wuya, ga farcen nan da allurar keke ta tsaga yana rarrafe a kan takarda, ga murya tana in'ina a kan kalmar da ɗan aji ɗaya zai wuce a guje. Wa za a ɓoye wa? Rabin matan unguwa hannun nan ne ya auna su.

Yaya ko keken ba ta rufe ba. Ta nufi ɗakin karatun, ta tarar da Auta tana jera ƙarin kujeru, fuska fal fara'a.

"Auta, ni za ki yi wa haka? Ni da na goya ki?"

"Yaya, ban fa nuna fuskarki ba! Wallahi ba don ke ba da an rufe ajin. Mata sai kira suke, kowa na so ta zo."

"Na tambaye ki mata? Alkawari muka yi."

"Ki yi haƙuri. Amma duba ki gani, yabo ne kawai ake yi."

Auta ta danƙa mata wayarta hankali kwance, tana ci gaba da jan kujeru. Ta saba da Yayar da rubutu ba ya gaya mata komai. Ranta a ɓace, Yaya ta kalli ƙananan rubuce-rubucen da ke ƙarƙashin bidiyon. Wasu 'yan makaranta sun jera fuskokin dariya. Can ƙasa ta hango ɗan hoton 'yarta, da gajeren layi a gefensa.

Ta ɗora yatsa. Ta haɗa baƙi da baƙi a hankali, leɓɓanta na motsi, yadda aka koya mata. Ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, kuma ba ta nemi taimakon kowa ba.

"Wannan ba mamata ba ce."

Auta ta waiwayo daga inda take. "Me kika ce, Yaya?"

"Karatu nake," in ji Yaya, ta ajiye wayar a kan tebur.