Kofi Mai Filasta

"Sake hawa," in ji Aïssatou.

Inna Ikilima ta sauka daga kan sikeli ta sake hawa, tana dafe da kafaɗata. Lambar ba ta canza ba. Kilo biyar ta ƙara tun wankin ƙodar ranar Juma'a, yau kuwa Litinin. Ni da na ɗauko ta a taksi daga unguwarmu ta Lalala na san inda kilo biyar ɗin suka fito.

Ɗakinta na kallon nawa a gidan da muke haya. Shekara ashirin tana sayar da zoɓo da kunun aya a bakin kasuwa, sai ciwon ƙoda ya kama ta, aka ce kada ta wuce kofi biyu na ruwa a yini. Aïssatou, ma'aikaciyar jinya 'yar garin Garwa, ita ta ba ta kofin roba da filasta manne a gindinsa zuwa tsakiya, ta ce ruwa ya tsaya nan. Tun ranar suke 'yar tsama. Inna ta laƙaba mata Jandarma, wato 'yar sanda, a gabanta ma haka take kiranta, tana cewa ba ta taɓa ganin mai rowar ruwa ba sai a garin da sama ke wuni tana zuba. Aïssatou kuwa aikinta kawai take yi. Sai ta soka allura a hankali, ta gyara mata filo. Haka suka yi shekara biyu, sau uku a mako.

Ranar Asabar mijina Zakiru ya dawo daga Umra da jarkar zamzam. Inna ta kira ni ɗakinta, leɓenta duk a tsattsage, ta ce zamzam magani ne, ba ya shiga dokar Jandarma. Na yarda, don ina son in yarda. Da hannuna na kai mata jarkar.

Yanzu ga ta ƙafafu sun kumbura suntum, numfashinta na fita da ƙara kamar tukunya ta fara tafasa. Aïssatou ta tambaye ta me ta sha. Inna ta ce ba komai, zanenta ne mai nauyi, ta harare ni ta wutsiyar ido.

Aïssatou ta juyo. "Nazira, ba faɗa zan yi ba. Dokta yana bukatar ya sani yanzu."

Na hango Zakiru, na hango matan gidanmu suna nuna ni da baki. Sai da Inna ta yi wani tari da ya tanƙwara ta biyu sannan na faɗa mata zancen zamzam ɗin Zakiru. Aïssatou ta runtse ido, ta ce Allah ya karɓi Umrarsa, ta ruga kiran likita.

Aka kwantar da ita, aka jona ta da injin, aka sa mata robar iska a hanci. Na tsaya ina kallon jininta yana zagaya tiyo. Injin ya fara kuka. Dattijon da ke gadon kusa ya ɗaga murya da Faransanci yana zagin ma'aikata, wai sai mutum ya mutu suke motsi, alhali Aïssatou ko tsayawa ba ta yi ba. Sauran marasa lafiyar suka juya fuskokinsu bango.

Inna ta kamo rigar Aïssatou.

"Jandarma, kada ki taɓa mini yarinyar nan. Ƙishi ne ya yi mini yawa."

"Na sani, Inna."

"Har yanzu ina jin sa."

Aïssatou ta jiƙa auduga ta shafa mata a leɓe, ta sake jiƙawa. Kafin azahar Inna ta cika.

Ranar sadakar uku na ga wata mata cikin mayafi ta shigo, sai da ta zauna na gane Aïssatou ce. Na ja ta ɗakin Inna na tambaye ta abin da ya hana ni barci, ko ni na kashe ta.

Ta ce zuciyar Inna ta jima da gajiya, amma ba za ta yi mini ƙarya ta ce ruwan bai taɓa ta ba.

"Ke kin ba ta, ni na hana ta," in ji ta. "Shekara biyu, duk sanda na kai ruwan sanyi baki sai na ga fuskarta."

Na tashi in kawo wa baƙuwa ruwa. Kofin da hannuna ya fara kaiwa na ɗauka, na tsiyaya, na miƙa mata. Sai a hannunta na lura kofin Inna ne, ruwan kuma ya tsaya daidai kan filastar.

Aïssatou ta ɗora shi a gwiwarta, ta riƙe da hannu biyu. A tsakar gida mata suna ta rabon waina.