Zanen Inna a Kan Ruwa

Aƙilu na tsugune a tsakar gida yana kallon farin soson na narkewa kamar man shanu a rana. Sholisho ya shafa masa, irin na facin taya, don ya haɗe manyan ɓangarori biyu, sai ga rami har yana hango ƙasa.

"To, injiniya," in ji Inna daga bakin murhu, "jirgin ya cinye kansa?"

Tun da dam ya cika bana, ruwa ya zagaye gonarsu. Masara ta nuna a can, tsuntsaye kaɗai ke sha'ani. Babban goran da marigayi babansa ke ƙetare ruwa da shi ya fashe tun bara. Soson nan kuwa, mara nauyi da ba ya nitsewa, wanda aka naɗo injinan masaƙa a ciki, sau uku ya je Funtuwa a keke kafin ya tara shi.

Ya ɗauki guntun da ya narke ya kai wa Bitrus mai gyaran rediyo. Bitrus ya shinshina, ya fashe da dariya.

"Kai da ka gudu daga aji huɗu! Soso tayar keke ne?" Ya jawo gwangwani biyu daga ƙarƙashin tebur. "Wannan gam ɗin mata da miji ne, ɗaya ba ya kamawa shi kaɗai. Gauraya su daidai, ka shimfiɗa ƙyalle a kan soson, ka shafe. Kada ka taɓa sai jibi."

Ƙyallen ne babu. Buhu ya gwada, ya shanye gam. Inna ta shiga ɗaki ta fito da atamfarta mai furanni.

"Inna, wannan fa ta zuwa biki ce."

"Da yunwa zan je bikin? Shimfiɗa."

Ran Laraba ya sa abin a ruwa, ya kwanta rub da ciki a kansa, yana tuƙi da hannu. Masunta na ihu daga gaɓa: "Zanen Inna ya tafi gona!" Bai waiwayo ba. Kunnensa na kan soson, yana sauraron ko ruwa zai shiga. Bai shiga ba.

Da la'asar ya dawo da rabin buhun masara ɗaure a gabansa. Inna ta tsuguna ta shafa furannin, sun yi tauri suna sheƙi.

"Oh ni! Shekara goma ina ɓoyonsa kada ruwa ya taɓa shi."

Ta kwance buhun, ta zaɓi manyan masara guda shida, ta miƙa masa.

"Kai wa Bitrus tukuna. Mu ma ci daga baya."